Matakan da na bi wajen binciken hira da tsofaffi masu ciwon damuwa a Kano

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, kuma da na koma jami'a karatun digiri na biyu sai na zaɓi in yi bincike a kan yadda tsofaffi masu fama da ciwon damuwa suke fahimtar halin da suke ciki, da kuma inda suke fara kai kukansu kafin su iso asibiti. Hanyar da na bi ita ce ta zama da mutum a yi hira mai zurfi, a saurare shi, a lura da yanayin gidansa, maimakon a raba takardar tambayoyi a tara lambobi. Tun da na kammala, ɗalibai da abokan aiki suke ta tambayata yadda na samu izini da yadda dattawa suka yarda suka buɗe mini cikinsu, shi ya sa na ga gara in rubuta matakan bi da bi domin na baya ya huta da ruɗanin da na shiga. Abin da ya kamata a sani tun farko shi ne, fom-fom da ofisoshin da za a bi kusan dukansu an tsara su ne domin mai binciken ƙididdiga, saboda haka wanda zai zauna da tsoho ya saurare shi dole ne ya yi wa kansa tanadin abubuwa da yawa waɗanda babu fom ɗin da zai tambaye shi.

Matakin farko shi ne shawo kan sashenmu. Malamin da ke duba aikina ya karɓi batun hannu bibbiyu, amma ya ce in shirya amsar tambaya guda, wato me hira za ta gano wanda ƙididdiga ba ta riga ta gano ba. Na koma ga binciken tsofaffi na Ibadan wanda Farfesa Oye Gureje ya jagoranta, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet a 2007. An tambayi mutum 2,152 masu shekara 65 zuwa sama a yankin masu jin Yarbanci, aka samu kimanin kashi 26 cikin ɗari sun taɓa fama da matsananciyar damuwa a rayuwarsu, kashi 7 kuma a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Wannan aiki ne mai nauyi da ya nuna girman matsalar, sai dai lamba ba ta faɗin dalilin da zai sa tsohuwa ta shekara tana shan rubutu da maganin hawan jini ba tare da kowa a gidan ya kawo zancen likitan ƙwaƙwalwa ba. Sannan na ɗauko ma'aunin damuwar tsofaffi da Yesavage da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a farkon shekarun 1980, wanda gajeren samfurinsa ke da tambaya 15, ana amsa i ko a'a. Ɗaya daga ciki tana tambayar ko mutum ya fi son zaman gida a kan fita waje, kuma duk wanda ya ce i an ba shi makin damuwa. Matar da ta yi shekara 50 a ɗakin aure a cikin birni, ba ta fita sai gidan biki ko gaisuwar mutuwa, za ta ce i da zuciya ɗaya alhali lafiyarta ƙalau. Wata tambayar kuma ita ce ko mutum ya gamsu da rayuwarsa, ga shi dattijon da ya san tauhidi ba zai taɓa cewa bai gamsu da abin da Allah ya ba shi ba, ko da kuwa bai runtsa ba a daren jiya. A kan waɗannan misalai biyu na gina hujjata.

Ranar kare daftarin bincike a gaban malaman sashe, tambayar da ta fi cin lokaci ita ce ta adadi. Wani babban malami ya nemi in nuna masa lissafin da na yi na fitar da yawan mutanen da zan yi hira da su, kamar yadda sauran ɗalibai suka yi a allo. Na bayyana cewa a irin wannan bincike ana ci gaba da hira ne har sai an kai matsayin da sabon mutum ba ya kawo sabon bayani, na kuma kafa hujja da aikin Guest da abokan aikinsa na 2006, waɗanda suka yi hira 60 da mata a Gana da Najeriya, suka tarar cewa yawancin jigogin sun riga sun bayyana a cikin hira 12 na farko. Na ƙara da cewa nasu mutanen sun yi kama da juna, ni kuwa zan haɗa maza da mata, na birni da na ƙauye, don haka na sa ashirin da 'yan kai a matsayin ƙiyasi. Wata malama ta tambaya ko sakamakon zai wakilci dukan tsofaffin Kano, na ce a'a, kuma ba zan yi wannan iƙirari ba. Ina ba da shawarar a faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba, domin kwamitin ya fi natsuwa da ɗalibin da ya san iyakar aikinsa. An umarce ni in haɗa jagorar hira a ƙarshen daftarin, wadda na gina a kan tambayoyin da likitan ƙwaƙwalwa Arthur Kleinman ya shahara da su: me mutum yake ganin ya jawo masa ciwon, me ya sa ya fara a lokacin da ya fara, me ya fi tsoro game da shi, kuma wane magani yake ganin ya dace. Bayan gyare-gyare shugaban sashe ya sa hannu, aka ba ni takardar gabatarwa.

Daga nan sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin da zan ɗauko mutane. Babu wanda ake bari ya yi hira ko da da mutum ɗaya kafin wannan izini ya fito, kuma mujallu masu daraja ba sa buga aikin da ba shi da lambar izini. Sakataren kwamitin ya ba ni jerin abubuwan da ake buƙata: takardar neman izini da sa hannun mai duba aiki, cikakken daftari a ɗaure, jagorar hira da takardar amincewa a Turanci da Hausa, taƙaitaccen tarihin aikina, da shaidar cewa na yi horo a kan ɗa'ar bincike. Wannan horon na yi shi a intanet a shafin TRREE, kyauta ne, kuma ana fitar da satifiket da zarar an ci jarrabawar kowane darasi. Kuɗin duba daftari ya bambanta tsakanin ɗalibi da ma'aikaci da mai tallafin ƙasar waje, kuma ana canza shi lokaci zuwa lokaci, don haka a tambayi sakatare adadin da sunan asusun kafin a je ciro lambar biya ta Remita. Bayan an biya a banki sai a kai takardar ofishin kuɗi a karɓo rasit na asibiti, domin shi ake liƙawa a fayil, ba na banki ba. A yi kwafin komai a ajiye, a kuma tabbata an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da zai zauna a hannu.

Jira ya biyo baya, kuma shi ne lokacin da ya fi damuna, domin abokan karatuna masu takardar tambayoyi sun riga sun fita aiki ni ina zaune. Ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa, wadda aka fitar a 2007, ta ba kwamitoci har wata uku su yanke hukunci, kuma izinin da suke bayarwa ba ya wuce shekara guda sai an sabunta. Wanda ya san tarihin Kano ba zai ga laifin wannan tsanani ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a a kan batun izinin iyaye har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wannan labari yana daga cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan inna a 2003, kuma har yau dattawa ba su manta ba, kamar yadda na gani da idona daga baya.

Da amsa ta fito, ba amincewa ba ce kai tsaye, tambayoyi ne da ake so in warware, kuma a ganina su ne suka fi komai gyara aikin. Sun tambayi yadda zan gane cewa tsoho yana da hankalin da zai ba da izini, tun da mantuwa da gigin tsufa sukan haɗu da damuwa. Na rubuta cewa bayan na karanta masa takardar zan nemi ya maimaita mini da bakinsa abin da aikin ya ƙunsa, da cewa yana da damar ƙi, da cewa ƙin ba zai taɓa maganinsa ba; wanda ya kasa, ba za a yi hira da shi ba, sai da mai jinyarsa. Sun tambayi abin da zan yi idan mutum ya fashe da kuka ko ya ambaci kashe kansa, suka nemi sunan likitan da ya yarda in tura masa irin waɗannan mutane, da takardar yardarsa a rubuce. Sun hana ni ɗaukar majinyatan da nake yi wa jinya da kaina, sun kuma ce kada in sa kayan aiki ranar hira, don kada tsoho ya zaci dole ce. Sun ce a sauƙaƙa harshen takardar amincewa yadda wanda ya tsaya a ƙaramar sakandare zai gane. Game da kyauta kuma, sun yarda da kuɗin mota da ɗan ihsani wanda ba zai zama ruɗi ba. Na so in riƙa kai goro bisa al'ada, amma yawancin mutanen nawa masu hawan jini ne da rashin barci, sai na koma ga sabulu da garin wanki.

Takardar izinin kwamiti ba ta buɗe ƙofar asibiti ita kaɗai. Sai da na kai kwafinta ga shugaban sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, da shugabar ma'aikatan jinya, da mai kula da ɗakin kati, kowanne ya rubuta a gefe cewa ya gani. Tsarin da muka yi shi ne likita ne zai fara sanar da tsohon da ya dace cewa akwai mai bincike, idan ya nuna sha'awa sannan in matso. Ranar asibiti ba ranar hira ba ce. Mutum ya baro gida tun bayan asuba, ya bi layin kati, ya bi na likita, yana da na magani a gaba, ga ɗan rakiya yana duba agogo saboda ya baro kasuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya, bisa alƙaluman da ake yawan ambata, ba su kai 300 ba, don haka cunkoson ba abin mamaki ba ne. A wurin nakan gabatar da kaina kawai, in karɓi kwatancen gida da lambar wayar ɗa ko jika, mu sa rana.

Da yake ina so in ji har daga waɗanda ba su taɓa zuwa asibiti ba, sai na bi ta sashen lafiya na ƙaramar hukuma, daga can aka haɗa ni da ofishin hakimi, hakimi ya tura ni wurin dagaci, dagaci ya haɗa ni da masu unguwanni. Wannan hanya ba a rubuce take a kowace ƙa'ida ba, amma wanda ya tsallake ta zai ga ƙofofi suna rufewa ba tare da an gaya masa dalili ba. Na tafi da abokin aiki namiji, wanda shi ne ya yi yawancin magana a fada, kuma shi ya yi hira da wasu daga cikin maza a zaure. Wani mai unguwa, bayan mun gaisa na ce masa ranka ya daɗe ga abin da ke tafe da mu, tambayarsa ta farko ita ce: "Malama, allura za ku yi ko jini za ku ɗiba?" Da na ce magana kawai za mu yi, sai ya yi dariya ya ce in dai magana ce tsofaffinsa sun fi kowa. Abu guda da na kiyaye shi ne ban bari mai unguwa ya zaɓo mini mutane shi kaɗai ba, domin zai kawo na kusa da shi da masu bakin magana, alhali wanda nake nema shi ne wanda ya daina fitowa. Ungozoma da ma'aikaciyar ƙaramin asibitin unguwa da malamar Islamiyyar matan aure sun fi sanin gidan da ke da tsohuwar da ta yi shiru.

Tantance shekaru ma aiki ne. Na sa iyaka a shekara 60, amma kaɗan ne ke da takardar haihuwa, kuma shekarun da ke jikin katin zaɓe sau da yawa ƙiyasin magatakarda ne. Na rubuta jerin abubuwan da kowa ke tunawa: zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, samun 'yancin kai a 1960, naɗin Sarki Ado Bayero a 1963, kisan Sardauna a Janairun 1966, canjin kuɗi zuwa naira a 1973, kisan Murtala a Fabrairun 1976, da rikicin Maitatsine a Disambar 1980. Idan tsohuwa ta ce tana goyon ɗanta na fari aka kashe Murtala, na san ta haura 60. Wannan tambaya ta yi mini wani amfanin na daban, domin babu abin da ke sakin bakin tsoho kamar a tambaye shi inda yake ranar da aka kashe Sardauna.

A cikin gida, izini hawa-hawa ne. Ƙa'ida ta ce tsohon da ke da hankalinsa shi ne mai cewa i ko a'a, amma a aikace sai babban ɗa ko maigida ya sani, in ba haka ba za a bar tsohuwa da faɗa bayan an tafi. Nakan fara gaisawa da su in yi musu bayani, sannan in nemi yardar mai abin ita kaɗai, in kuma bar mata ƙofar ƙi a buɗe ta hanyar cewa zan dawo wani lokaci idan yau ba ta jin daɗi, domin Bahaushiya ba ta iya ce wa baƙo a'a a fuska. Dangwala yatsa ya fi komai tayar da hankali. Wani dattijo ya janye hannunsa ya ce rabonsa da dangwala takarda tun wata rigimar gona, kuma bai ji da daɗi ba. Kwamiti ya riga ya amince mini da izinin baki da aka naɗa a rikoda a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken, sai muka bi wannan hanya. Na kuma sa wani malami ya rubuta mini takardar da ajami, kuma dattawan da ba su yi boko ba sukan karɓa su karanta da kansu, fuskarsu ta canza, domin sun ga an ɗauke su masu ilimi. Rikoda kuwa nakan nuna yadda ake kunnawa da kashewa, in ajiye ta kusa da hannun mai magana.

Lokacin da ya fi dacewa da mata shi ne hantsi, bayan yara sun tafi makaranta kafin a ɗora girkin rana. Maza kuma bayan la'asar. Keɓewa ita ce matsala mafi girma. Akwai wata Hajiya da na je wurinta ba da daɗewa da fitarta takaba ba. Muna zama surukarta ta kawo ruwa ta zauna a bakin ƙofa, jikoki suka cika taga, kuma duk tambayar da na yi sai surukar ta amsa cewa Hajiya ba ta rasa komai ba, ana ba ta abinci sau uku. Ita kuwa Hajiyar sai alhamdu lillahi take maimaitawa. Na roƙi surukar cewa ita ma ina so in yi hira da ita daban idan mun gama, domin mai jinya tana da nata bayanin, kuma da gaske nake. Ta tashi da jin daɗi. Hajiya ta yi shiru mai tsawo, ban katse ta ba, can ta ce: "'Yata, abinci kam ana ba ni. Amma tun da Malam ya rasu aka karɓi makullin sito aka ce in huta. Da ni ke auna hatsi, ni ke raba tuwo, ni ake tambaya idan yaro ya yi zazzaɓi. Yanzu idan dare ya yi kowa ya yi barci, sai in zauna ina ƙirga waɗanda suka tafi." Wannan magana ta sake fitowa daga bakin mata da yawa ta fuskoki daban-daban, har ta zama babban jigon aikina: 'ya'ya suna sauke wa iyaye aiki da niyyar kyautatawa, iyayen kuma suna jin an sauke su ne daga matsayinsu. Babu wata tambaya mai amsar i ko a'a da za ta kai ni ga makullin sito.

Maza sun fi wuyar sha'ani. Wani tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda kamfaninsu ya rufe shekaru da dama da suka wuce, ya ce wa abokin aikina ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ya kama zancen siyasa. Sai a zama na gaba, da aka tambaye shi dalilin da ya sa ya daina zuwa majalisarsu ta ƙofar masallaci, ya ce ba ya iya zama a inda ake karo-karon suna da ɗaurin aure shi hannunsa babu komai, kuma yanzu ɗansa ne ke ba da kuɗin cefane a gidan da shi ya gina. Daga nan na mai da zama biyu ya zama ƙa'ida ga kowa, na farko gajere na sabo, na biyu na hira, kowanne ba ya wuce awa guda saboda gajiya da ciwon baya da lokacin salla. Tattaunawar rukuni kuwa da masu jinya kawai na yi ta, mata daban maza daban, kuma ta yi armashi domin suna ƙarfafa juna, har aka tabo batun tsofaffi mata masu gigin tsufa da ake jifa da maita. Su kansu tsofaffin ban tara su ba, domin babu dattijon da zai faɗi rauninsa a gaban sa'o'insa.

Tanadin da kwamiti ya tilasta mini ya yi rana. Cewa "da ma Allah ya ɗauki raina in huta" magana ce da tsofaffi kan yi, amma wani Baba ya faɗe ta da wata irin murya, ya kuma ambaci maganin ƙwari da ke ɗakinsa. Na kashe rikoda, na tambaye shi kai tsaye ko ya yi tunanin sha, ya ce ya yi. Na tuna masa abin da na faɗa tun farko, cewa sirri yana da iyaka idan rai na cikin haɗari, na nemi ya zaɓi wanda za a gaya wa a gidan, ya zaɓi ƙaramar 'yarsa. Aka ɗauke maganin, na kira likitan da muka yi yarjejeniya da shi, aka kai shi asibiti washegari. A lokacin da na yi aikin, sashe na 231 na kundin dokokin laifuka na Arewa, wato Penal Code, yana ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, duk da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, don haka irin wannan bayani ba a barinsa ya yi yawo. Ni kaina na kwana biyu ba na cin abinci sosai bayan wannan rana, kuma zaman da nake yi da mai duba aikina duk mako don in sauke abin da na ji ya taimaka mini ƙwarai. Duk mai shiga irin wannan aiki ya nemi wanda zai riƙa yi wa wannan magana.

Mayar da sauti zuwa rubutu ya ci lokaci fiye da hirar kanta nesa ba kusa ba. Awa guda ta hira takan ci yini guda, domin muryar tsoho ƙasa-ƙasa take, haƙora sun zube, ga kukan awaki da ƙarar adaidaita sahu da injin markaɗe na maƙwabta. Manhajojin da ke rubuta magana da kansu ba su iya da Hausar tsofaffi ba, kuma loda muryar majinyaci a intanet ya saɓa wa alƙawarin da na ɗauka da kuma dokar kare bayanan sirri ta 2023. Na ɗauki wata ɗalibar sashen harsunan Najeriya ta taya ni, ta sa hannu a takardar riƙe sirri, ni kuma na bi kowane rubutu da kunne ina gyarawa, ina cire sunayen mutane da unguwanni, ina sa alamar inda aka yi shiru ko kuka ko dariya. Nazarin na yi shi a cikin Hausa, sai maganganun da zan kafa hujja da su kawai aka fassara, wani malamin harshe ya duba. Na bi matakai shida na fitar da jigo da Braun da Clarke suka tsara a 2006, daga karanta rubutun har ya zauna a kai, zuwa sa wa kowane yanki laƙabi, zuwa haɗa laƙabobi su zama jigogi. Lasisin NVivo, manhajar da ake nazarin rubutun hira da ita, ya fi ƙarfin aljihuna, sai na yi amfani da wata irinta mai suna Taguette wadda kyauta ce, tare da alƙaluma masu launi da katuna a kan tabarma. Wata abokiyar karatu ta yi wa wasu hirarrakin laƙabi ita kaɗai, muka gwada da nawa, inda muka saɓa muka koma ga rubutun.

Kafin in rubuta babin ƙarshe na koma wurin wasu daga cikin tsofaffin na faɗa musu abin da na fahimta, na tambaye su ko haka ne. Wata Inna ta gyara mini wani wuri mai muhimmanci. Na rubuta kamar zuwa wurin malami ne ke jinkirta zuwa asibiti, ita kuwa ta ce malamin ne ma ya ce a kai ta asibiti, abin da ya hana shi ne kuɗin mota da rashin mai rakiya da tsoron a ce a gidansu akwai mahaukaciya, 'yan matan gidan su rasa miji. Na sake duba sauran hirarrakin na tarar maganarta ta fi tawa ƙarfi, na canza jigon. A wajen kare kundin, mai jarrabawa na waje ya bi ni da COREQ, jerin tambaya 32 na 2007 da ake auna rahoton binciken hira da shi, wanda ke neman a bayyana wanda ya yi hirar, da alaƙarsa da mutanen, da waɗanda suka ƙi da dalilinsu, da wanda yake wurin lokacin hira. Littafin da nake rubuta abin da na lura da shi a kowace ziyara, tun ina cikin mota kafin in isa gida, shi ya amsa mini yawancinsu.

Game da kuɗi, abin da ya fi cin aljihu ba kuɗin kwamiti ba ne. Sufuri ne, da ladan mai taya rubutu da mai fassara, da buga takardu da ɗaure su a kowane zagayen gyara. Na yi kasafina kafin a cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, na fita aiki bayan an cire, kuma tun da kowane gida sai an je fiye da sau ɗaya, wani lokaci a tarar an tafi jana'iza ko jikin ya motsa, sai kasafin ya tashi daga aiki. Wanda zai yi irin wannan ya ninka abin da ya ware wa sufuri, ya sa kuɗin kai mutum asibiti a cikin lissafi, ya kuma kauce wa watan azumi da tsakiyar damina idan zai shiga ƙauye. Ya nemi izinin baki da takardar ajami da zama biyu da hira da masu jinya tun a daftarin farko, domin duk abin da aka ƙaro daga baya sai an koma kwamiti an nemi gyara, an sake jira. Ya kuma sa ido a kan ranar da izininsa zai ƙare, ya nemi sabuntawa tun da sauran lokaci idan bai gama ba, domin hirar da aka yi bayan izini ya ƙare ba ta shiga kundi. Bayan kammalawa akwai rahoton rufe aiki da ake kai wa sakataren kwamiti, wanda ɗalibai da yawa ba su san da shi ba, tare da bayanin inda aka adana sautin da ranar da za a goge shi. Ni na haɗa da taƙaitaccen sakamako na shafi guda da Hausa, na kai wa sashen asibitin da masu unguwannin da suka karɓe ni, kamar yadda na yi alƙawari a takardar amincewa.